Kabad Goma Sha Ɗaya da Sanduƙin Apa

Son-Kul, 19 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Saginbek,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Begimai da yara. Allah ya tsare ka a titunan Jamus da kake wuni a kansu da babbar mota, ya raba ka da gyangyaɗi a kan sitiyari, ya yaye maka ciwon bayan nan. Mu nan sai godiya. Gwiwata tana nan yadda ka san ta, ranar da ta ga dama ta bar ni, ranar da ba ta ga dama ba mu wuni muna rigima. 'Yata Aruuke ta kusa sauka, likita ya ce farkon Satumba, ka sa ta a addu'a. Ƙanwarmu Zuura tana shan maganin hawan jininta in ta tuna. Osmonkul, ɗan baffanmu, ya samu 'ya'yan dawaki tara bana, ɗaya kerkeci ya taɓa amma ya rayu. Mahaifiyarmu Apa kuma tana gabana yanzu da nake rubutun nan, a bakin ƙofa, ta lulluɓe da mayafi biyu tana kallon tafkin Son-Kul.

Za ka yi mamakin ganin takarda. A nan waya ba ta kamawa sai mutum ya hau tudu, ni kuwa ba zan hau tudu da wannan gwiwar don in ji ka ce wa yayarka "Eje, ina tuƙi, zan kira ki" ba. Gobe Jomart, mijin Zuura, zai sauka gari, shi zan ba ya kai wa Aruuke ta ɗauki hotonta ta tura maka. Na liƙe bakin ambulan, amma na san halin mutumina. Jomart, in kai ne kake karantawa, ci gaba abinka, babu abin da ke ciki da ban faɗa maka ido da ido ba.

'Yar tirelar da ka aiko ta iso a watan Mayu, kuma ba zan ɓoye ba, abu ne mai kyau. Ɗan ɗaki fari a kan taya biyu, da gado, da ɗan murhu, da taga. Apa ta zagaya ta tana shafa jikinta kamar ta samu maraƙi. Ka san dalilin da ya sa muka matsa. Likitan zuciya ya gaya mini ba tare da kwana-kwana ba cewa in za a kai ta nan kan duwatsu a kai ta bana, baɗi zuciyarta ba za ta ɗauki wannan tsayin ba. Ƙugunta kuma ya daina yarda da kwanan ƙasa, balle a bukkar ulu da sanyin nan na bakin ruwa. Shekara arba'in da ɗaya ta yi tana hawowa nan kiwo da marigayi mahaifinmu Ata, shekara goma sha biyu ke nan ba ta taka wurin ba, kuma tun da sanyi ya wuce ba ta da wata magana sai ta Son-Kul. Osmonkul zai sauko da dabbobi ƙarshen Agusta. Wato ko mu kai ta a wannan ɗan tsakanin, ko kuma shi ke nan.

Ranar da tirelar ta iso, kowa yana leƙa gado yana buɗe taga, ni na durƙusa na nemi ɗan allon ƙarfen da ke jikin wuyanta, inda ake maƙala ta da mota. Shekara talatin da ɗaya na yi a rumfar sikeli a ƙofar masana'antar sukari, mota ta hau in rubuta, ta sauke kaya ta dawo in rubuta, ba na kallon fenti. An buga kilo ɗari bakwai da hamsin, iyakarta ke nan ita da duk abin da ke cikinta. A takardunta kuma an rubuta ita kaɗai ɗari biyar da tamanin ce. Saura ɗari da saba'in. Na faɗa wa kowa a kan tebur, na ma rubuta da alli a jikin ƙofar gareji. Na zauna na yi lissafi: sanduƙin Apa hamsin da biyar, shimfiɗu da mayafai talatin da biyar, ƙaramar tukunyar gas, jarkar ruwa ɗaya, tukunya, buta, magunguna, abincin kwana uku. Ɗari da sittin da biyar cif, har da rarar biyar don halin Zuura.

Kuskurena ɗaya ne, ƙofar gidana ta yi ƙunci, sai aka ajiye tirelar a gidan Jomart. Mako uku kacal. Ka san angon namu, shekara ashirin da shida yana auren Zuura, kansa ya yi fari, har yau hankalin bai iso ba. Kafinta ne mai yi wa mutane kabad ɗin kicin, kuma in ya ga bango babu kabad sai ya ji kamar ya ga mutum tsirara. Ranar wata Lahadi ya kira mu wai mu zo mu ga abin mamaki. Saginbek, kabad goma sha ɗaya! Sama da gado, ƙasa da gado, gefen taga, bayan ƙofa, har da wani siriri na ajiye cokula. Duk da allon nan na dusar katako da ake matsewa, mai nauyin tsiya, wanda mutum biyu ke nishi kafin su ɗaga guda. A baya kuma, ta waje, ya ɗaura wani keji na ƙarfe da noti. Ya riƙa buɗe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya yana saki don mu ga yadda suke rufe kansu a hankali, baki har kunne, yana cewa Jamusawa sun iya injin amma ba su san darajar wuri ba, dubi filin da suka bari a banza. Na tambaye shi nawa nauyinsu. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa, ya ce, "Eje, kabad ai ba kaya ba ne, wurin kaya ne."

Na ɗaga wani guntun allo da ya rage a tsakar gida, na ƙirga bangarorin da idona, na samu ɗari da arba'in, in ma ban rage ba. Wato ya cinye nauyin duka ya bar mana talatin, ko cokali ɗaya ba a sa ba tukuna. A gaban Apa na haɗiye maganata, don ba a yi wa suruki tsawa a gaban uwar matarsa, haka aka tarbiyyantar da mu. Na ja Zuura kicin na yi mata bayani dalla-dalla. Sai ta ɓata fuska, wai ni dama tun ranar da ya zo neman aurenta da kwat ɗin aro na raina shi, mutum ya hana kansa hutu mako uku saboda Apa, ko sannu ban ce ba. Gaskiyarta, na raina shi tun ranar, kuma har yau bai ba ni dalilin da zan janye ba.

Abin da ban hango ba shi ne kabad ɗin da babu komai a ciki ba ya barin Zuura ta zauna lafiya. Ranar tafiya na iso da safe na tarar an cika su maƙil. Wai ba za mu je wa Osmonkul hannu rabbana ba, to na yarda, amma buhun fulawa guda, rabin buhun sukari, mai, alewa kwali biyu, kankana shida, kwalaben 'ya'yan itace na dafe goma sha huɗu? Ta ɗauko har kwanonin gilashin nan na bikinta da ba ta taɓa bari a ci abinci a ciki ba, wai kada matan makiyaya su ce 'yan birni sun zo da roba. Shi kuma gogan ya cusa janareto, da talabijin don kada ƙwallo ta wuce shi, da kujerun naɗewa shida, da jarkar ruwa uku, mu da za mu bakin tafki. Katuwar tukunyar gas da janareton da ruwan duk suna cikin kejin nan na baya.

Sannan Zuura ta jera ɗakin yadda Apa ta koya mana jera bukka. Kayan girki dama, kayan maza hagu, sanduƙi can ƙurya nesa da ƙofa a wurin girma, shimfiɗu a naɗe a kansa har rufi. Ƙofar tirelar a gaba take, to ƙuryar girma ta faɗo a can ƙarshen wutsiya. Na ce a sauko da sanduƙin a sa shi tsakiya, daidai kan tayoyi, abu mai nauyi nan ne wurinsa. Kai, sai ka ce na zagi Ata a kabarinsa. Zuura ta dafe ƙirji, wai sanduƙin auren Apa zan sa a hanya inda ake tsallakawa da takalmi, wai sikeli ya cinye mini kunya. Apa tana zaune a inuwa da sandarta. Sau biyu dai ta tambaya ko an sa sanduƙin.

Na zo da sikelin banɗakina a jaka, suka yi ta dariya. Na ajiye shi a ƙasa, na kafa guntun itace a kai, na sauke wuyan tirelar a bisansa. Kai direba ne, ka san ya kamata ya danna da kamar hamsin ko sittin, don ta zauna daram a kan ƙugiyar mota. Shida ya nuna. Shida! Wutsiya ta rinjaya, wuyan yana neman tashi sama. Jomart ya leƙa, ya ga shida, sai murna ta kama shi. Ya sa yatsa biyu ya ɗaga wuyan, ya juya wajen maƙwabta da suka fito kallo, wai su shaida, duk kayan nan amma ko nauyin kaza ba ta yi ba, wannan shi ake kira aikin gwani. Har da masu tafi. Na yi masa bayani kamar mai koya wa ɗan yaye, na ce nauyin bai ɓace ba, can baya ya taru, kuma a kan titi wutsiyar ce za ta riƙa tuƙa motar. Ya ce Eje ta yi ritaya amma sikeli bai yi ritaya daga kanta ba. Na ce to mu biya ta wurin masu sayen tsohon ƙarfe mu hau babban sikeli, minti goma. Ya ce ba a fara tafiya da ratse. Motarsa ce kaɗai mai ƙugiya a danginmu kaf, Apa kuma ta riga ta shiga gaba ta zauna da farin ɗankwalinta, jakarta a cinya. Na dube ta, na shiga baya na ja ƙofa, kuma har yau ina jin haushin kaina.

A kwazazzabon Boom ta fara nuna mana hali. Muna gangara, wata babbar mota ta wuce mu, sai na ji bayan motar ya yi wani lilo. Dama, hagu, dama, kowane lilo ya fi na baya faɗi. Na waiga na ga tirelar tana leƙo mu ta wannan taga, ta koma ta leƙo ta waccan. Zuura ta kama salati da ƙarfi, ga kogi can ƙasa yana kumfa. Na ga ƙafar Jomart za ta kai wa birki duka, na kai masa naushi a kafaɗa, na ce ya ɗage ƙafarsa daga mai kawai, ya riƙe sitiyari miƙe, kada ya kuskura ya taka. Allah ya sa tsoro ya sa shi jin magana. Muka tsaya a gefe, tayar tirelar ɗaya tana kan tsakuwar baki. Da muka buɗe, ƙofofin nan masu rufe kansu a hankali duk sun buɗe kansu da sauri, kwalabe biyar sun fashe, gadon Apa ya yi jajir da ruwan 'ya'yan itace. Gogan naka ya share gumi ya ce iska ce, kwazazzabon nan an san shi da iska. Amma ya ciro janareton daga keji ya dawo da shi gaba, wai don kada ya sha ƙura. Kankana kuwa aka rarraba mana. Haka na shiga garin Kochkor rungume da kankana biyu a cinya, muna tafiya kamar masu rakiyar gawa, motocin haya suna ta yi mana hon.

Na ɗauka ya ji jiki. Ina! A Kochkor na ce a bar rabin kayan a gidan wata ƙawata, ya ce ai an wuce wurin wahala. Muka bar kwalta muka kama hawan Kalmak-Ashuu. Ka tuna hanyar, tsakuwa ce da kwana a kan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan. 'Yar motarsa ta Japan, da aka yi ta don kai yara makaranta, ta shiga giya ɗaya tana kuka. Warin kuloci ya cika mana hanci, allurar zafi ta haye ja. Mun ci kamar kashi biyu cikin uku na hawan, a wata kwana mai tsini, sai ta yi tari ta tsaya. Sannan na ji muna komawa baya a hankali, tirelar tana jan mu. Ni da shekara sittin da biyu da wannan gwiwar, ban san lokacin da na watsar da kankana na dira ba. Na rarumo dutse na cusa a bayan taya, na ƙara wani. Da na ɗago na leƙa gaba, na ga leɓen Apa ya fara shuɗi, tana numfashi da baki, ga hadari yana haɗowa ta kan duwatsu. Wurin ba ya juyuwa da tirela, ko da gwani ne, balle Jomart.

Ya buɗe gaban mota ya tsaya yana kallon tururi kamar zai karanta wani abu a ciki. Da farko ya ce a kwance tirelar a bar ta, mu lallaɓa mu koma Kochkor, baɗi sai a sake shiri da mota mai ƙarfi. Baɗi. A gaban Apa ya faɗa. Da ya ga irin kallon da na yi masa sai ya canza, ya zagaya tirelar hannu a baya kamar injiniya, ya dawo ya sanar da mu cewa ya gano matsalar, nauyi ne ya yi yawa. Allah ya ba mu haƙuri. Wai abubuwa biyu ne suka fi nauyi. Na farko sanduƙin nan, a sauke shi a rufe da leda a bayan dutse, gobe zai dawo ya ɗauka, ai tsofaffin tsummoki ne a ciki, ba mai sata. Na biyun bai faɗa ba, ya dai dube ni daga sama har ƙasa, ya ce saura kilomita huɗu kawai a kai ƙoli, tafiyar ƙafa kuma tana da amfani ga mai jiki. Ko kabad ɗaya bai ambata ba.

Na buɗe baki ke nan, kuma wallahi da na faɗi abin da ke bakina da auren Zuura bai kwana ba, sai Apa ta ƙwanƙwasa gilashi da sandarta. Ta ce a fito da ita, a sauko mata da sanduƙin. Muka zaunar da ita a kan ɗaya daga kujerun Jomart, amfanin da suka yi ke nan a duk tafiyar. Ta jawo kitsonta ta kwance ɗan mabuɗin nan da ke ƙarshensa, wanda tun muna yara ba mu taɓa ganin ta ba wani ba. Ta buɗe a nan tsakiyar hanya, iska tana kaɗa mata ɗankwali.

Farin ƙyalle ne a sama, Saginbek. Likkafaninta. A wanke, a goge, a naɗe, da sabulu biyu da turare a gefe. A ƙarƙashinsa ɗankwalaye da yaduka da riguna, kowanne da 'yar takarda an maƙala da allura, da rubutunta na boko mai karkata. Wannan na wadda za ta zuba ruwa, wannan na wadda za ta riƙe kai, waɗannan na rabawa a wurin makoki. Na ga sunana. Na ga na Zuura. Akwai doguwar riga mai kyau da farar hula, an rubuta Jomart, don ta san surukin gida shi zai tsaya a kan hidimar ranar. Can ƙasa kuma ɗamarar Ata ce mai azurfa, an naɗe ta da tawul, da sunanka a jiki. Ta ɗaga kai ta dubi Jomart, babu faɗa ko kaɗan a muryarta, ta ce, "Ba tsummoki ba ne, ɗana. Ban sani ba ko da ƙafata zan sauko, kuma ba na so a wahalar da kai ka koma gari neman farin ƙyalle." Ta mayar da murfin ta kulle. Sannan ta ce wa Zuura, wadda ta riga ta toshe baki da mayafi, a sa shi duk inda motar za ta ji daɗin ja, girmansa ba zai ragu ba.

Na buɗe bayan motar, na ɗauko akwatin kayan aikinsa, na zaro sukundireba na miƙa masa. Ya karɓa. Awa ɗaya da rabi yana kwance abin da ya yi mako uku yana ɗaurawa, ni da Zuura muna fitarwa muna jerawa a gefen hanya. Kabad goma sha ɗaya, da keji, da janareto, da talabijin, da kujeru, da katuwar tukunyar gas, da jarkoki, da fulawa, da kwanonin gilashi. Wani makiyayi ya zo wucewa a kan doki, ya ja linzami ya daɗe yana kallo, sannan ya yi sallama ya tambaya cikin ladabi ko shago za a buɗe a nan. Jomart yana aiki hawaye yana bin gemunsa. Ko don Apa ne, ko don ƙofofinsa masu rufe kansu, ban tambaya ba. Muka ɗora sanduƙin a tsakiya daidai kan tayoyi, muka tokare shi da shimfiɗu ta ko'ina. Na fito da sikelin da aka yi wa dariya, na shimfiɗa ƙofar kabad ɗaya a kan tsakuwa na ɗora shi, muka sauke wuyan a kai. Jomart ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Eje, nawa ya nuna?" Hamsin da biyu. A shekara ashirin da shida, wannan ce tambaya ta farko mai ma'ana da na ji daga bakinsa.

Injin ya huce, muka zuba masa ruwa daga jarkokin, ka ga su ma sun yi rana. Motar ta ja ba tare da kuka ba, kuma har da ni a ciki, mai jiki. Ruwan sama ya same mu a ƙoli, amma da muka gangaro ya ɗauke, tafkin ya buɗe a gabanmu. Apa ta ce a tsaya. Ba ta fita ba, ta sauke gilashi kawai ta riƙa kiran sunayen tuddai ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran jikoki. Washegari Osmonkul ya je da tsohuwar motarsa ya kwaso fulawa da sauran abin da ke da amfani. Kabad uku sun riga sun yi ƙafa. Shekaranjiya na ga ɗaya a bayan bukkar wasu mutane, an cire ƙofar, 'yar tunkiya marar lafiya tana kwance a ciki, kuma ban taɓa ganin aikin Jomart ya dace da wuri haka ba. Da aka kwance tirelar daga mota aka kafa ta, Zuura ta mayar da sanduƙin ƙuryar girma ta jera shimfiɗu a kai, ban hana ta ba, yanzu ba inda za shi.

Apa tana barci sosai a gadon nan. Da hantsi takan sha rabin kofi na nonon goɗiya, ta sa a kai ta ta zauna kusa da da'irar duwatsu inda bukkarmu take a da, har yanzu suna nan, ta nuna mini inda ka faɗa cikin tukunyar madara kana shekara biyu. Tana dariya fiye da yadda na ji ta yi a shekara goma. Wannan kai ka yi mata shi, tirelarka ce, Allah ya saka maka.

To amma kada ka gyara zama kana yi wa Jomart dariya, don na juyo kanka. Shekara bakwai rabonka da gida. Ka aiko da na'urar awon jini, ka aiko da rigar sanyi mai gashi, ka aiko da kujerar nan mai tausa da take tsoro ko zama a kai ba ta yi, yanzu ka aiko da ɗaki sukutum. Kullum aiki, kullum takardu, kullum baɗi. Shi Jomart ya cika tirela da kabad, kai ka cika gidan Apa da kwalaye, ban ga wanda zai yi wa wani gori a cikinku ba. Shi dai ko banza yana nan, jiya ma shi ya goya ta ya kai ta bakin ruwa.

Ranar da muka iso ni na ɗaga ta na hau da ita matakin tirelar, kuma hannuna ya gaya mini abin da ban so ji ba. Washegari na ce mata wasa za mu yi, na rungume ta na hau sikelin, na sauke ta na sake hawa ni kaɗai. A watan Afrilu a asibiti arba'in da tara take. Yanzu arba'in da ɗaya. Na sake aunawa sau biyu, ni da ban taɓa sake awo ba a shekara talatin da ɗaya. Ba ta ambaton sunanka, ta fi ƙarfin haka. Amma duk motar da ta ɓullo daga hawan nan sai ta sa hannu a goshi ta bi ta da ido har ta wuce, sannan ta ce 'yan yawon buɗe ido ne, ta koma kallon ruwa.

Ka gaishe mini da Begimai sosai, ka ce na ga labulayen da ta ɗinka wa tirelar kafin a aiko, suna nan a rataye, su kaɗai ne ƙarin da ban cire ba. Ka shafa mini kan Barsbek da Akmaral, ka gaya musu kakarsu tana sa a nuna mata hotunansu kowace safiya. Zuura tana gaishe ku, Osmonkul da matarsa Kalbubu suna gaishe ku, sun ce an ware maka rago. Jomart ma na san zai ce a gaishe ka, in ya gama karantawa.

Osmonkul zai kwance bukka ranar ashirin da biyar ga Agusta. Na yi lissafin motar, akwai wurin mutum ɗaya mai kilo casa'in, don na ga tumbinka a hoto, da jaka guda ta hannu. Kada ka zo da tsaraba, ba inda za a sa ta. In kuma aikin ya sake hana ka, ka turo mini adireshinka daidai, in lokacin ya yi zan aiko maka da ɗamarar Ata ta gidan waya, yadda kake aiko mana da komai. Na riga na auna ta, giram ɗari shida ce.

Yayarka,
Burulkan